Kifin Da Muka Ƙi Ci A Argungu

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune ƙofar gida a Badariya, na ji wasu samarin unguwa da aka ɗauka aikin gwamnati kwanan nan suna gardamar inda za a tura su. Ɗaya ya ce shi dai Allah ya sa a kai shi ofishin odita, don can ne hutu: ka zauna ƙarƙashin fanka, a kawo maka takarda, ka ja mata layi da koren biro, kowa na tsoronka, kai kuma ba mai tambayarka. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ya ku 'ya'yana, a wannan aiki na yi furfura, kuma koren biro shi ne mafi sauƙin abin da na ɗauka. Maganar ba mai tambayarka kuwa, ku gyara zama.

Na shiga aikin Jihar Sakkwato tana sabuwa, lokacin Birnin Kebbi hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai, Gwadangaji kuma ƙauye ne da gonaki tsakaninsa da gari. Ofishinmu reshe ne na babban ofishi da ke Sakkwato, ɗaki uku da baranda da itacen dogonyaro. Shugaban reshen shi ne Malam Bawa, dogo siriri mara yawan magana, wanda idan ya ce maka "to" sau ɗaya, yabo ne. Ranar da na fara ban ga biro ba. Ya kai ni bayan ofis ya buɗe bayan Landirofa ya ce in san kayan aiki: tef ɗin awo, igiya mai dutse a baki ta auna zurfin rijiya, sandar ƙarfe mai tsini, tocila, gadon tafiya mai naɗewa, risho da ya saya shagon wani Inyamuri a tsohuwar kasuwa, tukunya, jarkar ruwa, da buhu mai garin rogo da ƙuli-ƙuli da albasa. Na ce a raina wannan ai kayan fatauci ne.

Aikin farko da ya kai ni wani sito ne na takin zamani. Mai kula da shi ya jera buhuna tsaf har kusa da rufi, takardunsa kuma ba ƙura. Ni na ƙirga na gaba da na gefe, na yi lissafi, na ce daidai ne. Malam Bawa ya miƙo mini sandar ƙarfe ya nuna sama da haɓa. Na tuɓe takalmi na hau, na soka sandar a tsakiya, ta tafi har hannuna ba ta taɓa komai ba. Ashe ɗaki aka gina da buhuna, ciki iska. Tun ranar na gane takarda labari ce kawai, gani ya kori ji. Idan bauca, wato takardar biyan kuɗi, ta ce an haƙa rijiya, sai ka je ka zura igiya ta dawo a jiƙe. Idan ta ce an yi kwalbati bayan fadama, sai ka naɗe wando ka shiga kwalekwale ka je ka tsaya a kansa. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da motarka, da manka, da abincinka.

Abincin nan shi ne dokar Malam Bawa da ta fi ba ni wuya. Ba ma cin abincin wanda muke bincika, ba ma kwana gidansa, ko ruwan randarsa ba ma sha. Yakan ce in baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Gwamnati na ba mu ɗan alawus da muke kira kuɗin guzuri, da shi muke cika buhun gari da kananzir. Kun san ƙasar nan, ƙin abincin mutum kusan zagi ne. Sau da yawa ƙanshin miya na bin mu har gindin itacen da muka kafa risho, ni ina jiƙa gari ina tsine wa dokar a zuci.

Wata shekara bayan girbin shinkafa aka tura mu Argungu, sito na ƙungiyar manoma da gwamnati ta ba iri da taki da injinan ban ruwa. Mai riƙe da shi wani manomi ne kakkaura mai babbar murya, ana ce masa Nomau. Ya yi ɗan boko, ya san lissafi, kuma tun daga yadda ya watsa mana makullai a kan tebur na san ba ya ɓoye komai. Muna cikin aiki da azahar sai ga shi da kansa, ɗauke da tire, tuwon shinkafa da kifin giwan ruwa da aka kama da safen nan, man yana ƙyalli. Yawuna ya tsinke. Malam Bawa ya miƙe ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Allah shi saka da alheri, Malam Nomau. Amma mu ba mu cin abinci wurin da muke aiki."

Nomau ya tsaya da tire a hannu. "Mi kac ce? Ni ɓarawo na, da za ni sayen bakinku da kihi?"

"Ba haka na ba. Ƙa'idar aiki ta."

"Ƙa'ida? Ubana bai taɓa barin baƙo da yunwa ba. Gaban mutane za ka maishe min da akushi?"

Mutane kuwa suna nan, masu jiran taki cike da ƙofar sito, kowa na kallo. Nomau ya juya da tirensa. Muka ƙare aikin, muka soka buhunansa, muka tada kowane inji muka ji ƙararsa, ba mu sami ko ƙwayar da ta ɓata ba. Malam Bawa ya rubuta haka ya sa hannu. Da za mu tafi ya miƙa wa Nomau hannu, shi kuwa ya kau da kai yana gyara igiyar awaki da ba ta kwance ba. A mota na ce, "Malam, wanga kam mutumin kirki na, da mun ci ko loma guda." Ya ce, "Sahabi, mutumin kirkin shi ya hi buƙatar mu ƙi ci." Ban gane ba, na ɗauka irin maganganunsa ne.

Aka yi shekaru, soja suka miƙa mulki, aka kafa majalisar dokoki a Sakkwato. A nan ne za ku ji wanda ke tambayar odita. Rahotonmu majalisa ake kai wa, kuɗin da ofishinmu zai kashe a shekara ma sai ta amince, kuma tana da kwamiti da ke da ikon buɗe kowace durowa tamu ya tambayi yadda muke tafiyar da kanmu. Da farko abin bai yi mana daɗi ba, wanzami ai ba ya son jarfa. Muna ganin mutanen da jiya suke sayar da albasa da koyar da 'yan firamare, yau su za su ce mana me ya sa.

Sai shekarar wahala ta zo, kuɗin gwamnati ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu. Tayoyin Landirofa suka cinye har waya ta fito, muka rubuta muka sake rubutawa, shiru. Muka ɗora ta kan duwatsu ƙarƙashin dogonyaro. Kuɗin guzuri ya tsaya. Aka ce mana kafin a ga hali, duk hukumar da za mu bincika ita za ta aiko mota ta ɗauke mu, ta sauke mu, ta ciyar da mu. A takarda dabara ce mai kyau, babu asarar ko kwabo.

Tafiya ɗaya daga cikin irin waɗannan ta ishe ku misali. Wata ƙaramar hukuma da ba zan kira sunanta ba ta aiko mana da fijo mai sanyi da direba mai fara'a. Takardunsu sun ce an gina ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan fadama. Ranar farko direba ya ce mai ba ya isa. Rana ta biyu ya ce ruwa ya yanke hanya. Rana ta uku ya zagaya da mu ya nuna mana wani gini daga nesa, ya ce shi ne, amma maigadi ya tafi da makulli. Duk inda muka sauka kuma an riga mu, an share, an yanka kaji. Malam Bawa da aljihunsa yake sayo mana gari, amma ƙafa ba tamu ba ce, sai inda aka ga dama a kai mu. Ya ƙi sa hannu a kan abin da bai taɓa ba. Aiki ya taru, rahoton reshenmu ya makara, can sama aka fara cewa ba mu da amfani.

Ana cikin haka labari ya zo cewa a sabon kasafin kuɗi an soke motar da kuɗin guzuri gaba ɗaya, tsarin aron mota zai zama na dindindin. Kwamitin majalisa zai zo Birnin Kebbi ya ga reshen da idonsa kafin a yanke. Da aka faɗi sunan shugaban kwamitin, Malam Bawa ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Alhaji Nomau ne, wanda mutanen wajen Argungu suka zaɓa. Na ce shi ke nan, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, mota ta tafi.

Muka shiga shiri kamar masu aurar da 'ya. Aka share, aka shafa farar ƙasa, aka jera fayil-fayil. Sai wani ya ce manyan baƙi za su taso tun daga Sakkwato, me za su ci? Ba wanda ya yi dogon tunani. Muka yi karo-karo daga aljihunmu, aka sayi rago, aka aika Argungu aka sayo kifi, matanmu suka tuƙa tuwon shinkafa. Malam Bawa da kansa ya zaɓi ragon. Ku duba fa, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna mayar wa jama'a da akushi. Mu kullum mu ne masu zuwa, ba a taɓa zo mana ba, don haka da aka ce baƙi, tarbiyyar gida ce ta tashi, ƙa'idar aiki ta yi barci.

Kwamitin ya iso da hantsi. Alhaji Nomau ya ƙara jiki, ga babbar riga, amma muryar tana nan. Ya gaisa da Malam Bawa gaisuwar aiki, ba alamar ya taɓa ganinsa. Bai zauna a kujerar da muka tanada ba, sai ya ce a kai shi ɗakin ajiyar takardu. Ya wuce layin gaba da muka gyara, ya sa hannu can baya ya zaro fayil, rabinsa gara ta cinye. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ranar na san abin da masu sito ke ji idan na hau buhunansu. Ya tambayi wa ke rubuta inda mota ta je lokacin da take tafiya, aka ce direba ne in ya tuna. Ya tambayi me ya sa mutum ɗaya ke zuwa gari ɗaya shekara bayan shekara, har ya san sunayen 'ya'yan ma'aji. Gaskiya kuwa ya faɗa. Daga nan ya fita wurin Landirofa, ya durƙusa da babbar rigarsa ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa aka buɗe baya. Ya ɗauki risho ya jijjiga, ba kananzir. Ya taɓa buhun gari, ya daɗe yana kallonsa.

Bayan azahar muka shimfiɗa tabarmi a baranda aka jera kwanoni. Aka buɗe, ƙanshi ya tashi, sauran 'yan kwamitin suka fara naɗe hannun riga. Alhaji Nomau ya tsaya a kan kwanon kifi, ya dubi Malam Bawa.

"Malam Bawa, yau wa ke binciken wa?"

Ban taɓa ganin kunya ta kama babban mutum kamar yadda ta kama Malam Bawa ba, ni ma na rasa inda zan sa idona.

"Ranka shi daɗe, ku ke bincikenmu."

"To, Allah shi saka da alheri. Mu ba mu cin abinci wurin da muke aiki."

Ya aika aka ɗauko wata jaka daga motarsa, ya zauna gindin dogonyaro ya fiddo dabino da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa. Abokan tafiyarsa suka bi shi suna waiwayen rago, ɗaya har yana guna-guni cewa shi bai karya ba. Abincin dai masallacin unguwa aka kai shi. Da suka tafi muka tabbata ramuwa ce, ya jira shekaru ya maido mana da akushinmu a gaban mutanenmu, saura ya ƙwace motar.

Aka kira Malam Bawa Sakkwato ranar da kwamitin zai yanke magana, ni na bi shi da ɗaurin takardu a motar haya. Ɗaki ne mai dogon tebur, ga mutanen ma'aikatar kuɗi a gefe. Aka karanto laifuffukanmu ɗaya bayan ɗaya, gara da komai, har da ragon. Malam Bawa bai kare kansa ba, kowanne sai ya ce haka ne. Wani ɗan majalisa ya ce shi bai ga dalilin da gwamnati za ta sayi taya da gari ba a irin wannan shekara, alhali ƙasar nan ba a barin baƙo da yunwa, kuma motocin ƙananan hukumomi suna nan. Da yawa suka gyaɗa kai. Sai Alhaji Nomau ya gyara murya.

"Ku saurara in hwaɗa maku. Mutumin ga da kuka gani ya taɓa kunyata ni gaban manoma. Na kawo mai kihi da hannuna, yaƙ ƙi ci. Na yi hushi da shi shekaru, ko sunanai ban son ji. Da nit tsaya takara, abokan hamayya sunka bi ƙauye-ƙauye suna cewa Nomau ya ci takin manoma. Na hiddo takardar odita. Sunka ce takarda mi ce, ai sayen ta ake yi. Kun san mi yah hisshe ni? Tsohhin da ke ƙohwar sito rannan. Su sunka tashi sunka ce, a'a, waɗanga oditoci ko ruwanai ba su sha ba, mu mun gani, da akushinai ya koma gida. Da sun ci kihin nan, da yau ban zaune nan."

Ya juya wajen mutanen ma'aikatar kuɗi. "In kun sa su motar mutum, kun sa su cin tuwonai, ɓarawo ya samu hanya, wannan kowa ya sani. Amma mai gaskiya hwa? Wa za ya yarda da takardar da anka ba shi? Ku rage wani wuri. Wanga gari da ƙuli-ƙuli, ku bar shi."

Ina zaune a bayan Malam Bawa, sai maganarsa ta cikin mota ta dawo mini, ranar na gane ta. An yi gardama, ba a ba mu duk abin da muka nema ba, amma majalisa ta maido da kuɗin guzuri da na taya da mai. Ta kuma ɗaure mu da sharuɗɗa: a riƙa rubuta duk inda mota ta je ana aika musu, a riƙa juya ma'aikata kada kowa ya saba da gari ɗaya, a ɗaga takardu daga ƙasa a sa maganin gara. Mun yi ƙorafi a lokacin, amma duk cikinsu babu wanda bai gyara aikin ba. Tafiyar farko da Landirofa ta yi da sababbin tayoyi, ƙauyen nan na bayan fadama muka nufa. Muka tarar da harsashin gini da tulin yashi da ciyawa ta fito a kai. Kafin damina ta gaba an gina ɗakin shan maganin, don yanzu an san akwai masu zuwa.

Ni dai ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da mutanen nan biyu, wanda ya koya mini aikin da wanda ya hana aikin mutuwa. Kuma tun ranar ban ƙara jin haushin mai tambayata ba. Wanda zai hau buhunan mutane da sanda, dole ya yarda a hau nasa.

Ba a daɗe ba soja suka dawo, majalisa ta watse, Alhaji Nomau ya koma gonarsa ta shinkafa. Bayan wasu shekaru Malam Bawa ya yi ritaya. Wata rana na raka shi Sakkwato kan maganar fanshonsa, a hanyar dawowa da muka iso Argungu ya ce mu sauka. Muka sami Alhaji a zaure, ya rame kaɗan, yana gyaran bututun injin ban ruwa. Ya dube mu, ya yi dariyar da ta cika zauren, bai ma gama gaisuwa ba ya leƙa cikin gida ya yi magana. Muka yi la'asar, muka taɓa hirar ruwa da farashin taki. Can sai ga shi da kansa ɗauke da tire, tuwon shinkafa da giwan ruwa. Ya dire a gaban Malam Bawa ya tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

Malam Bawa ya dubi kifin, ya dube ni, don ni har lokacin ina cikin aiki. Ya ce, "Alhaji, kana riƙe da wani abu na gwamnati?"

"Ko tsinke."

"Sito hwa?"

"Na miƙa makulli tun kahin zaɓe."

Malam Bawa ya naɗe hannun riga ya jawo kwanon wanke hannu. Alhaji Nomau ya zauna ya tura masa ɓangaren kai, wurin da ya fi mai, ya ce, "Ci, Malam. Kihin ga ya daɗe shina jiran ka."